Tulun da Aka Fasa wa Malam

Yanzu har mutuwa ta samu ofis a garin nan, da na'urar sanyaya ɗaki, da yarinya mai jan baki tana yi wa mutum murmushi a bakin ƙofa. Ba labari aka ba ni ba. Na gani da idona a unguwar Ma'adi, kuma ɗan da na haifa ne ya kai ni. Tun ranar abin yake cina a rai, shi ya sa na ce bari in faɗa, ko da yake waɗanda za su gane abin da nake nufi duk sun riga ni tafiya.

Ina yarinya ɗanya na zo Alƙahira, na biyo Malam, mijina, da ya samu gurbin karatun addini. Muka kama ɗaki ɗaya a can ƙolin wani tsohon bene a Abbasiya, inda mutanen gidan suke shanya kayansu. Ban san kowa ba, ban iya Larabcin kasuwa ba, garin nake saurare daga sama kamar makauniya. Mai sayar da gas yana wucewa yana ƙwanƙwasa tukunyarsa da ƙarfe, mai wake yana kiran cinikin safe, tarago yana buga ƙararrawa a kwanar titi, tantabarun maƙwabta suna ta guɗarsu a kan kaina. Famfo ba ya kai ruwa samanmu, sai na sauka na ɗebo a bokiti. Da Malam ya ga ruwan yana wuni da zafi kamar an dafa, sai wata rana ya tsayar da mai amalanken jaki ya saya mini tulu, irin mai kunne biyu da dogon wuya da ake kawowa daga kudancin ƙasar. Shi ya hau da shi benen a kafaɗarsa, yana haki yana dariya. Na naɗa masa igiya a wuya, na ajiye shi a lungun da iska take bi. Duk ranar Juma'a ɗalibai 'yan gida sai sun hauro sun sha ruwan tulun nan, suna cewa ƙamshin ƙasarsa yana tuna musu randar iyayensu mata. Daga shan ruwa aka koma cin tuwo, daga nan kuma tuwon ya zama sana'ata har yau.

A lokacin idan ɗayanmu ya rasu, babu wanda yake tambayar yaya za a yi, don akwai Baba Adamu. Bahaushen Sudan ne, iyayensa sun taso da ƙafa za su aikin Hajji suka zauna a hanya, shi kuma rayuwa ta turo shi nan. Dogo ne, siriri, Hausarsa irin ta kakanni, in ya ji haushi sai ya haɗa da Larabcin Sudan. Yana zuwa gidan rasuwa zai tuɓe takalmi ya naɗe hannun riga ya ce, “Ku yi sauri, bawan Allahn nan ya gaji.” Shi ke nan kowa ya san aikinsa. Wasu su je masallacin unguwa su aro makara, wadda Masarawa suke kira khashaba, katako kawai, kuma ita ɗaya ce ta ɗauki mai kuɗi da mai shara. Wasu su yanko farin yadi. Mu mata mu ɗora ruwa, mu jiƙa gero in akwai, mu daka gumba a turmin da muke karɓa-karɓa tsakanin gidaje. Kalmominmu na mutuwa ba su da yawa: makara, likkafani, kabari, makabarta. Sun ishi iyayenmu, sun ishe mu, ba wanda ya taɓa kwana a waje don sunayen sun yi kaɗan.

Abin da mazanmu suka kasa haɗiyewa shi ne yadda mutanen garin nan suke binne nasu. Ɗaki suke ginawa a ƙarƙashin ƙasa, da matakala, ɓangaren maza daban na mata daban. A sauka da gawa a kwantar da ita kusa da ta jiya, a rufe ƙofa, in ɗakin ya cika a tura ƙasusuwan dā gefe a samu wuri. Ba na zaginsu, ƙasarsu ce kuma malamansu sun san abin da suka dogara da shi. Amma Baba Adamu ya ce shi ba zai jera 'ya'yan mutane kamar buhuna a sito ba. Ya yi ta zirga-zirga har wani attajiri mai tsoron Allah ya ba mu wani zirin fili a ƙarshen makabartar da ke gindin dutse, inda babu komai sai yashi. Masu gadin wurin suka sa masa suna wajen Takarir, domin da sunan nan suke kiran duk baƙin da ya fito daga yammacin Afirka. A nan mazanmu suke haƙa kabari irin na gida, babban rami, sannan ƙarami a cikinsa daidai kwanciyar mutum. Itacen rufi kuwa babu shi a garin da ba daji, sai Baba ya koma ga tukwane kamar yadda ake yi a wasu garuruwanmu. Dokarsa ita ce tulun gidan mamaci za a fasa, a rufe ƙaramin ramin da shi, a cike da wasu tukwanen, a kafa wuyan tulun a wajen kai. Ba a rubuta komai. Wani ɗalibi ya taɓa cewa ko a sa allo da suna, Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Masu zuwa yi masa tambaya sun san sunansa, kai wa kake so ka sanar?”

Ban taɓa kawowa a raina cewa dokar nan za ta hau benenmu ba. Zazzaɓi ne ya kama Malam, kwana kaɗan, muna cewa sauyin iska ne. Da hantsi ya cika, ɗanmu yana bayana yana barci. Abin da ya biyo baya yawanci ya ɓace mini, sai abu ɗaya. Baba Adamu ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya ce, “'Yata, ba mu tulun.” Na juye ruwan da ke ciki a bokiti, da shi aka ƙarasa wankan. Baba ya zauna a kan simintin saman benen, ya ɗora tulun a cinyarsa, ya ɗauki dutse yana ƙwanƙwasa shi a hankali yana juyawa, har wuyan ya cire ɗungurungum da igiyata a jikinsa. Sannan ya raba cikin gida biyu. Ƙarar nan, ƙwas, har yau in yaro ya fasa kofi a gidan ƙasa sai gabana ya faɗi. Suka zuba a buhu, suka ɗauki makara, na ji takunsu yana sauka hawa-hawa har ya haɗu da hayaniyar titi. Ban bi su ba. Mace ba ta bin gawa a wurinmu, kuma ko a mafarki ban yi tunanin bi ba. Bayan azahar Baba ya dawo da ƙura a ƙafafunsa ya ce, “Mun ajiye shi. Wuyan tulunki yana kansa.” Iyakar abin da na sani game da kabarin mijina ke nan, kuma ya ishe ni.

Maƙwabciyata Bamasariya, Ummu Sayyid, ta yi ta mamakina. Su duk Alhamis sai su ɗauki burodi da dabino da yara su tafi wurin matattunsu, su shimfiɗa tabarma su wuni, a ci a sha a yi hirar farashin tumatir a kan kabari. Ta ce in zo ta raka ni. Na ce mu ba ma haka, addu'a tana kai kanta ba sai an hau mota ba. Na gama takaba na koma bakin murhu. Da yaron ya isa shiga makaranta, ƙanen Malam ya zo ya tafi da shi gida, ya ce ni ma in shirya. Na ƙi. Na ce ina da sana'a, amma gaskiyar ita ce Malam yana garin nan, kuma na sa a raina in tawa ta zo a kai ni wajen Takarir kusa da shi. Shekaru suka yi ta tafiya. Waɗanda suka ɗauki makararsa suka gama karatu suka koma gida, suka zama alƙalai da limamai, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Baba Adamu ma aka fasa masa nasa tulun. Bayansa ba wanda ya ƙara haƙa rami a wurin.

Ɗaliban yanzu kuwa, Allah ya shirya. Suna cin tuwona, ina son su, amma ranar rasuwa ba na son ganinsu. Kowa waya a hannu, ana ɗaukar hoton sallar gawa kamar ɗaurin aure. Ka ji yaro da bai taɓa riƙe ƙafar mamaci ba yana ta zuba kalmomi, wai tabut, wato akwatin gawa, wai shahan, wato a yi lodin mutum a jirgi kamar kayan 'yan kasuwa. Gawa ta yi mako a firij ana jiran hatimi, su kuma suna taro suna naɗa kwamiti. In ka ce a binne shi a nan yau, sai su dube ka kamar ka zagi iyayensa.

A cikin shekarun nan da aka yi ta hargitsi bayan an sauke shugaba, lokacin da 'yan sanda suka ɓace daga tituna kowa ya zama sarkin kansa, sai ga ɗana ya sauka. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, Ɗan Masar muke ce masa tun yana goye. Ya zama Alhaji, ya yi tumbi, waya biyu a hannu ɗaya. Ya kama otal a Zamalek, ya hau benena sau ɗaya yana riƙe da gwiwa, ya zauna ya ce, “Umma, na gina masallaci a gida da sunan Baba. Na ware wuri a gefensa. Na zo in tafi da shi.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, “Ka tafi da wa?”

“Da Baba. A tono shi a kai shi cikin danginsa. Akwai kamfanin da ke wannan aikin, su suke yi wa ofisoshin jakadanci. Sun gama komai.”

Na ce mutumin da ya kwanta tun kai kana shan nono, me ya yi maka za ka tashe shi? Ya ce ai girmamawa ce. Ya ce shi ne ɗa, shi ne waliyyi, malamai sun ce masa ya halatta in da dalili. Malaman da yake saya wa mota, me za su ce? Na san lissafinsa sarai, don ni na haife shi. Ya roƙe ni in koma gida ya gaji, ya ga in ya ɗauke Malam ba abin da zai riƙe ni. Ban ce babu ƙauna a ciki ba. Amma ƙaunar mai kuɗi ba ta tambaya, sai dai ta aiko mota. Na yi faɗa, na yi kuka, ko a jikinsa. Ƙarshe ya ce to aƙalla in zo in zaɓa wa mijina akwati da idona. Na sa mayafi na bi shi, don ina so in ga inda ake sayar da wannan rashin kunyar.

A ofishin kamfanin a Ma'adi wani mutum ne ya tarbe mu, da kwat da turare, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar shi aka yi wa rasuwa. Ya ce, “Ya Hajja, sannu da haƙuri,” alhali haƙurin ya girme shi. Ya buɗe mana wani littafin hotuna mai nauyi a kan tebur. Ashe akwatin ma ba ɗaya ba ne. Wannan sanduƙ ne, mai kusurwa huɗu, murfinsa yana buɗewa rabi don a ga fuska. Wancan tabut ne, mai faɗi a kafaɗa da tsukewa a ƙafa, kuma kada a kuskura a haɗa sunayensu. Akwai mai katifa, akwai mai matashi, akwai mai hannuwan tagulla. Na jirgi kuma dole a yi masa cikin kwano a liƙe da dalma, ko iska ba ta shiga. Tun da Malam ƙashi ne yanzu, akwai wani ƙarami na musamman, shi ma da sunansa, wanda na manta da gangan. Ya juya shafi ya shiga makabartu. Ya ce yanzu masu hali ba sa cewa ƙarafa ko gabbana, sunayen talakawa ne, sai dai a ce lambun rahama, ga ciyawa ga fitilu ga wurin ajiye mota. Ɗan Masar yana gyaɗa kai yana maimaita kowace kalma kamar ɗan makarantar da aka biya wa sabon karatu.

Na ce da mutumin, “A cikin akwatunan nan wanne ƙasa take saurin cinyewa?”

Ya yi murmushi ya ce, “Babu ko ɗaya, ya Hajja. Namu suna daɗewa.”

Na ce, “To me amfaninsu?”

Ɗan Masar ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, “Umma, don Allah.” Na yi tsaki na kawar da kai, a nan idona ya faɗa kan abin da ke jingine a bango. Farin dutse ne mai sheƙi, tsayinsa ya kai ƙirjina. Mutumin ya ce shahid ake kiran mai tsayuwa a wajen kai, wanda ake mannawa a bango kuma rukhama, kuma Alhaji ya zaɓi mai tsayuwa. An riga an sassaƙa. Ga sunan Malam da ruwan zinariya, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba, an baje shi a ofis kowa yana wucewa yana karantawa. A samansa an jera masa Shehi, Allama, tekun ilimi. Malam da bai ma gama karatun ba, mai riga biyu, in na wanke ɗaya yana jiran ta bushe. Da ya ga wannan da kunya ta hana shi ɗaga kai. Na tambaya ta yaya suka san kabarin, tun da ko ni ban sani ba. Mutumin ya ce tamam, an samu turabi, wato mai gadin makabarta da ya gāji aikin daga ubansa, ya nuna wurin, jibi da safe za a buɗe.

A ranar na yi abin da ban taɓa yi ba tun da uwata ta haife ni. Na ce zan je makabarta. Ɗan Masar ya ce, “Umma, ke da kike cewa mace ba ta zuwa?” Na ce namiji ma ba ya tono ubansa, yalla mu tafi.

Ranar da za a buɗe, rana ta ɗaga muka isa. Ban ga abin da na yi shekaru ina hangowa a zuciyata ba. Gari ne guda, da lunguna, da wayoyin lantarki, yara suna buga ƙwallo, wata tana soya ta'amiyya, ƙosan Masarawa, a jikin bangon wani kabari. Turabin yana jiranmu da ma'aikata biyu da mutumin kamfani, ga ƙaramin akwatin an lulluɓe shi da koren ƙyalle. Ya kai mu wani shinge mai ƙofar ƙarfe, ya nuna wasu duwatsu shimfiɗe a ƙasa, ya ce in an ɗaga su matakala ce, shehin baƙar fata yana ciki ta hannun dama, ubansa ya sha nuna masa. Ya rantse da idonsa, ya rantse da 'ya'yansa. Ɗana har ya fara share hawaye.

Na ce, “Matakala?”

Ya ce, “Na'am, ya Hajja.”

Na ce, “Mijina bai sauka matakala ba. Rami aka haƙa masa, tuluna aka fasa aka rufe shi. Wannan na ciki ko waye, Allah ya ji ƙansa, amma ba za a kai shi garinmu a kwantar da shi a gefen masallaci da sunan mijina ba. Ina wajen Takarir?”

Turabin ya dubi mutumin kamfani, mutumin kamfani ya dubi takalminsa. Wata mata da ke tsaye a ƙofar wani ɗaki tana kallonmu, ashe matar turabin ce, ta yafa gyale ta ce, “Zo, ya Hajja, ni na san wurin.” Na bi ta, Ɗan Masar yana bayana. Muka yi ta ratsa lunguna har ƙarshen makabartar, gindin dutsen. Ta tsaya ta ce nan ne. Ɗakuna ne na jan bulo, sababbi, ko filasta ba a yi musu ba, an ɗora wasu a kan wasu. Gabansu an malale siminti, samari suna wanke tuktuk, kekunan nan masu ƙafa uku, ruwan sabulu yana gangarawa. Ta ce tun da hukuma ta daina zuwa mutane suka ga fili ba gini ba rubutu, suka ce ba na kowa ba ne, suka baje shi. Ta ce ba su tono kowa ba, a kai suka yi gini.

Sai ta ja hannuna zuwa gefen wani bango inda take da ɗan lambu. Ga su nan a jere, an kafa su a ƙasa, wuyan tuluna, kowanne an cika shi da ƙasa na'ana'a ta tsiro a ciki, kore shar. Ta ce ranar da ake baje filin ta ga ana watsar da su, ta ji ba daɗi, ta tsince waɗanda ba su farfashe ba. Na durƙusa, ni da gwiwar da ba ta son durƙuso. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, ina neman igiyata. Wace igiya, bayan waɗannan shekaru? Duk iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, hannun magini ɗaya. Kowanne wata mace ce ta juye ruwansa ta miƙa a bakin ƙofa. Na kasa gane nawa. Na yi kuka a wurin, kuka mai sauti irin wanda ban yi ba ranar rasuwar, don a ranar na san inda za a kai ni in na mutu, yau kuwa an zuba siminti a kai.

Ɗan Masar ya tsaya a kaina ya ce, “Kin gani ko, Umma? Da an kafa masa dutse da suna, da ba wanda ya isa ya yi gini a kansa.”

Na ɗago na ce, “Da an kafa masa dutse da suna, da yanzu kana kwashe shi a cikin kwano. Yana nan inda aka ajiye shi. Ba ka isa ka same shi ba, kamfaninka bai isa ba, ni ma ban isa ba.”

Mutumin kamfani, da ya biyo mu yana ɗage ƙafar wando kada ruwan sabulu ya taɓa shi, ya matso ya ce ma'alish, a yi haƙuri, irin wannan yana faruwa, kuma suna da mafita. Za a iya ɗibar ƙasar wurin a zuba a wani ɗan akwati mai kyau a tafi da ita a madadin mamacin, shi ma akwatin akwai sunansa, yana shafi na ƙarshe. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, hawaye yana zuba ina dariya. Na ce ya je ya ɗebi ruwan wankin tuktuk ɗin ma, wataƙila shi ma suna da kwalbarsa. Ɗana ne ya ce masa, “Khalas, ya isa,” ya sallame su da akwatinsu. Matar turabin ta tsinko mini na'ana'a cike da hannu, na ƙulle a bakin mayafina.

Dutsen nan mai ruwan zinariya kamfanin ya ƙi karɓarsa, wai an riga an sassaƙa. Yana nan a ɗakina bayan kwaba, fuskarsa a bango, don akwai ayar Alƙur'ani a jikinsa ba zan yar ba. Washegarin zuwanmu makabarta na sa aka nemo mini mai amalanke, da ƙyar aka samu, don yanzu kowa ruwan roba yake sha. Na sayi tulu mai kunne biyu da dogon wuya, na naɗa masa igiya, na ajiye shi a lungun da iska take bi. Ɗalibai suna zuwa suna sha suna ɗaukarsa hoto, wai kayan tarihi.

Ranar da Ɗan Masar zai koma ya sake hawa benen, wannan karon bai riƙe gwiwa ba. Na dafa masa shayi da na'ana'ar nan, ya sha bai san daga inda ta fito ba, ko kuma ya sani ya yi shiru. Ya ga tulun ya daɗe yana kallonsa. Na ce masa in tawa ta zo ban yarda da firij ba, ban yarda da jirgi ba, ban yarda da akwati ko mai wane suna ba. A nemi duk inda ake haƙa rami a ƙasa, ko bayan gari ne cikin hamada, a fasa wannan a rufe ni, a kafa wuyan a wajen kai.

Ya ce, “Ba suna?”

Na ce, “Ba suna.”

Ya sunkuyar da kai yana juya kofin a hannunsa. Can ya ce, a hankali, da irin muryar da yake kirana da ita yana ƙarami, “To Umma, ni ta yaya zan san inda kike?”

Na ce, “Kada ka aiko kamfani. Ka zo ka sa ni da hannunka.”